LAMBUN MIYA A CIKIN GIDA: JAGORA GA MANOMAN BOƊINGA DA SHAGARI

Malam manomi, wannan takarda tana bayani ne a kan ɗan ƙaramin lambu na cikin gida, inda za a shuka ganyayen miya da na ƙamshi, kamar su zogale, alayyafo, sure, lalo, ɗoɗɗoya da na'a-na'a. Ka karanta a hankali. In an gama, a karanta wa uwargida, domin yawancin aikin a hannunta zai kasance.

ME YA SA AKE SON LAMBU A GIDA?

A ƙasarmu ta Sakkwato ruwan sama yakan sauka ne daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin shekara kusan babu ruwa. Da damina ganye ko'ina, tafasa ma a bakin hanya take fitowa ba mai shuka ta. Amma daga Maris zuwa Mayu ɗanyen ganye sai a kasuwa, kuma da tsada. A lokacin nan gidaje da yawa ba abin da ke shiga tukunya sai busasshiyar kuka da busasshen guro, yau da gobe.

Tuwo yana cika ciki, amma jiki yana bukatar abin da tuwo kaɗai ba ya bayarwa. Ɗanyen ganye yana ɗauke da sinadarin bitamin A mai kare ido. Rashinsa ne ke kawo wa yara dundumi, wato yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi. Ganye kuma yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda mai ciki da mai goyo ke matuƙar bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye, kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana. To, wa zai iya sayen wannan kullum ga mutum goma? Amma shukawa, ai kowa yana iyawa.

Waɗanda ke kusa da madatsar ruwa ta Shagari ko suke da fadama suna noman rani, ganye ba ya yi musu wuya. Wannan takarda ta fi shafar mutumin tudu, ko a Sifawa yake, ko Dingyaɗi, ko Kajiji, ko Dandin Mahe, wanda ruwansa na rijiya ne ko na famfon burtsatse.

FARA DA LISSAFIN RUWA

Galibin lambunan gida da ke mutuwa, ba rashin iri ko rashin taki ke kashe su ba. Mutum ne yakan shuka fili babba a watan Agusta, lokacin da ruwa ke ko'ina. Afrilu na zuwa, rijiya ta ja baya, zafi ya haura digiri 40, ruwan ya kasa isa, duk lambun ya ƙone gaba ɗaya. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Saboda haka ka auna girman lambunka da ruwan da za ka iya samu a watan Afrilu.

Ga lissafi mai sauƙi. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2, wato kamu biyu da ɗan ɗori a kamu huɗu da rabi, yana shan kimanin lita 10 zuwa 12 kowace rana da hunturu. Da bazara yana shan kusan lita 20. Jarkar da muke ɗiban ruwa da ita tana cin lita 25. Ke nan, fangali ɗaya jarka ɗaya a rana. Ka zauna da iyalinka ku duba jarka nawa gidan zai iya warewa kullum a tsakiyar bazara. In biyu ce, fangali biyu za ka yi. In ɗaya ce, ka yi ɗaya, ba abin kunya ba ne. Fangali ɗaya mai rai a watan Mayu ya fi biyar da suka bushe.

Ba dole sai sabon ruwa ba. A duba ruwan da ake zubarwa a gida:

1. Ruwan alwala. Gida mai mutum goma, in kowa ya yi amfani da lita 1 a kowace salla, an sami lita 50 a rana. A ajiye roba mai faɗi a wurin alwala a riƙa tarawa.
2. Ƙasari, da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya.
3. Ruwan ɗauraye kwanoni na ƙarshe, wanda ba mai a cikinsa.

Irin wannan ruwa a zuba shi a gindin shuka, kada a watsa a kan ganye, kuma a yi amfani da shi a ranar. Kada a zuba ruwan wanki mai omo da yawa ko mai bilic, domin yana ɓata ƙasa. Ruwan makewayi da na wankin kashin yara kuwa, ko kusa kada su je lambu. Duk ruwan da aka tara a rufe shi, don kada ya zama gidan sauro.

ZAƁEN WURI DA SHINGE

Ka nemi wurin da ranar safe ke samu, amma inuwa ta rufe shi bayan azahar. Gabas da katanga ko gabas da ɗaki ya fi kyau, domin ginin zai tare zafin yamma. Wurin ya kasance kusa da inda ake ajiye ruwa, nesa da masai da turken dabbobi. Kada ka yi shi a ƙarƙashin dogon yaro ko wani babban icce, saiwoyinsa za su shanye ruwan.

Kafin ka sa iri ko ƙwaya ɗaya a ƙasa, ka gama shinge. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata biyu kafin a idar da salla. Ka kafa darni na karan dawa ko na gero, tsayinsa ya kai ƙirjin babban mutum, a matse karan sosai daga ƙasa don kada kaji da 'yan tsaki su kutsa. In akwai ƙayar magarya a jera ta waje. A sa ƙyaure mai ɗauri. Ta gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke bugowa, a ƙara zana. Mai son shinge na dindindin ya dasa lalle a jere da damina. Zai yi shinge, mata kuma su sami na ƙunshi har da na sayarwa.

GYARAN FANGALI

Ƙasar tudu a nan yawancinta jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Taki ne zai sa ta riƙe.

1. Ka tona ƙasa zurfin taƙi ɗaya da rabi, ka tsince duwatsu da leda.
2. Ka zuba ruɓaɓɓen takin awaki, tumaki ko shanu, bokiti biyu ga kowane fangali, da toka tafi biyu. Ka cuɗa sosai.
3. Ka shayar da shi, ka bar shi kwana bakwai zuwa goma kafin shuka.

Ka lura: ruɓaɓɓen taki aka ce. Ɗanyen kashi yana ƙona saiwa, yana jawo gara, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Takin da ya ruɓe ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba ya wari. Kashin kaji ya fi sauran zafi, rabin abin da aka faɗa ya isa.

Da rani fangali ya zama mai zurfi, a kewaye shi da 'yar kunya don ruwa ya tsaya a ciki. Da damina kuwa a ɗaga shi sama kamar taƙi ɗaya, don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa.

In gidanka a kan fako yake ko marmara, kada ka ce ba hali. Tsohon buhu, fasasshen tulu, tsohuwar roba, duk suna aiki. Ka huda gindinsu, ka cika da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya.

ABIN DA ZA A SHUKA DA YADDA AKE YI

Zogale. Shi ne uban lambu, domin yana jure fari kuma yana ba da ganye shekara da shekaru. Manoman yankin Maraɗi a Nijar gona guda suke yi masa, suna yanka suna kaiwa kasuwa. Ka shuka ƙwaya biyu a rami, zurfin gaɓar yatsa, tazarar mita 1, a jikin shinge daga ciki. Yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ana kuma dasa reshe mai kauri, tsawon kamu biyu. In ya kai ƙugun mutum, ka datse kansa. Kada ka ji tausayinsa. Datsewar ce ke sa shi rassa da yawa, ganyen kuma ya tsaya inda hannu ke kaiwa. Itace huɗu ko biyar sun ishi matsakaicin gida.

Alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai. Ka gauraya cokali ɗaya na iri da tafi biyu na yashi, ka barbaɗa a layi, tazarar taƙi ɗaya tsakanin layuka, ka rufe da ƙasa kaɗan. In ya fito da yawa a rage. Bayan mako huɗu zuwa biyar an fara ci. A yanka shi daga sama a bar gindi, zai sake tohowa har sau biyu ko uku.

Lalo. Irinsa yana da taurin fata, shi ya sa yakan ƙi fitowa. Ka ɗaure shi a ƙyalle, ka tsoma cikin ruwan da aka sauke daga tafasa, ka ƙirga ɗaya zuwa goma, ka fitar. Ka shanya a inuwa, ka shuka washegari.

Sure, rama da yoɗo. Sure shi ne yakuwa a bakin mutanen gabas, yoɗo kuma karkashi. Waɗannan mun saba da su a gefen gona. A lambu a ba su tazarar taƙi biyu, a riƙa tsinke kai don su yi rassa.

Ɗoɗɗoya. Ana shuka iri, ana kuma dasa reshe. Tushe biyu ko uku sun isa miya. Da ka ga ta fara fure ka tsinke furen, in ba haka ba ganyen zai ragu. A bar tushe ɗaya ya yi iri.

Na'a-na'a. Ba a wahala da irinta. Ka roƙi 'yan rassa masu saiwa wurin maƙwabci ko masu lambun fadama. Tana son inuwa da danshi, kuma tana yaɗo tana mamaye wuri. Saboda haka a ba ta roba ko tulu nata daban, a ajiye kusa da randa.

Ciyawar shayi. Ita ce doguwar ciyawan nan mai ƙamshin lemun tsami da ake sa wa shayi. Ana tsaga tushe ne a dasa, a rage tsawon ganyen, tazarar kamu ɗaya da rabi. In ta kama ba ta da wuya. Wurin da ruwan alwala ke gangarawa ya dace da ita.

Albasa mai lawashi da tafarnuwa. Ƙasarmu ta shahara da su, amma amfanin sanyi ne. A dasa ƙananan albasa don lawashi. Tafarnuwa a ɓare ta, a dasa ɗaya ɗaya, tsinin yana sama, tazarar yatsu biyar. Tana nuna cikin kimanin wata huɗu. In ganyenta ya fara rawaya a daina ba ta ruwa.

Tonka. Tushe uku na barkono a kusurwa sun isa. A yi renonsa a roba, a dasa bayan mako biyar zuwa shida, da yamma.

Citta da kanumfari da masoro kuwa, a bar wa kasuwa. Suna son ruwa da laima fiye da abin da ƙasarmu ke da shi.

LOKACIN KOWANE AIKI

Yuni zuwa Yuli: zogale, lalle, sure, rama, lalo, yoɗo, ɗoɗɗoya, ciyawar shayi, tonka. Masu daɗewa su yi saiwa da ruwan sama, don su iya jure rani.

Satumba zuwa Oktoba: tsinkar ganye da shanya, tara iri, tara kara don gyaran darni.

Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: tafarnuwa, albasa, na'a-na'a. Alayyafo ma ana shukawa, sai dai yana jinkirin girma in sanyi ya yi tsanani.

Fabrairu: a kafa rumfa, a shuka alayyafo da lalo na bazara.

Maris zuwa Mayu: kada a faɗaɗa lambu. A riƙe abin da ke akwai. In ruwa ya gaza, a fara ceton zogale, ciyawar shayi, ɗoɗɗoya da na'a-na'a, domin su ne ba a son sake farawa.

DABARUN RAGE SHAN RUWA

Na ɗaya, lokacin ban-ruwa. Da sassafe ko bayan la'asar. Ruwan tsakar rana iska tana kwashe da yawa daga cikinsa. Ka tura yatsa cikin ƙasa, in ka ji danshi har gaɓa ta biyu, a dakata.

Na biyu, rufe ƙasa. Bayan shuka ta tsiro ta yi ƙwari, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi tsakanin layuka, kaurin yatsu uku. Kada ya taɓa jikin shukar. A riƙa ɗagawa ana duba gara.

Na uku, rumfa. A kafa 'yar rumfar kara mai tsayin kafaɗa, a jera karan da tazara yadda rana za ta riƙa leƙowa. Rufewa ruf yana sa ganye ya yi tsawo ba ƙarfi.

Na huɗu, tulu a ƙasa. Ka sami sabon tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, irin mai tsattsafo. Ka binne shi a tsakiyar fangali har wuya, ka cika da ruwa, ka rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Ka shuka kewaye da shi, kada ka wuce taƙi ɗaya da rabi daga jikinsa. Bayan kwana biyu ko uku a ƙara ruwa. Wannan tsohuwar dabara ce da manoman ƙasashe masu fari suka daɗe suna yi.

ƘWARI DA MAGANINSU

Rigakafi ya fi magani. A duba lambu kowace safiya, har da ƙarƙashin ganye. Tsutsa da fara a tsince da hannu a jefa wa kaji. Ƙadangaru suna cin sabon tsiro, a rufe shi da tsohon gidan sauro ko rassan ƙaya har ya yi ƙwari. Ganyen da darɓa ta kama ya nannaɗe, a cire a binne.

In ƙwari sun yi yawa, ga maganin dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. A daka rabin kilo na busassun 'ya'yansa, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan guntun sabulu a ciki, a yayyafa da yamma. A maimaita bayan mako ɗaya. A bar kwana uku kafin tsinka, a kuma wanke ganyen sosai saboda ɗaci.

Gargaɗi: kada ka kuskura ka fesa maganin auduga, ko na ajiyar wake, ko fiya-fiya a kan ganyen miya. Ganyen nan yau ake tsinka yau ake ci, yara ma suna tsinka su kai baki. Haka kuma jarkar da ta taɓa cin maganin feshi ba ta sake ɗaukar ruwan lambu ko na sha.

In shuka tana yaushi alhali da ruwa a gindinta, ka tuge ɗaya ka duba saiwa. In ka ga ƙulle-ƙulle a jiki, wata 'yar tsutsa ce ta cikin ƙasa wadda ido ba ya gani. Sure, rama, lalo da guro dangi ɗaya ne, kada a maimaita su a fangali ɗaya kai da kai. Bayansu a sa albasa ko tafarnuwa, a kuma ƙara taki.

TSINKA, SHANYA DA AJIYAR IRI

Uwargida, wannan sashe naki ne. Ki tsinki ganye da safe, kada ki kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na shuka a lokaci guda. Ki wanke kafin ki yanka. Ki sa ganye a ƙarshen girki, domin dogon dahuwa yana rage amfaninsa. Ɗan man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, kamar yadda ake kwaɗon zogale, yana taimakon jiki ya ɗauki bitamin A. Yaron da ya wuce wata shida ana iya barbaɗa masa ɗan garin zogale a kunu.

Rarar damina a shanya ta a inuwa, cikin ɗaki mai iska, a kan tabarma mai tsabta. Rana tana kashe launi da ƙamshi da bitamin. Cikin kwana uku zuwa biyar ganye zai bushe ƙayau. A zuba a kwalba ko roba mai murfi, a ajiye inda ba haske.

Iri kuma a ɗauka daga shukar da ta fi lafiya. A bari ya bushe a jikin uwa, a sheƙe, a gauraya da toka, a rufe a kwalba. Mai irin kansa ba ya jiran kowa in ruwa ya sauka.

Abu guda a kiyaye. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya da ciyawar shayi suna da daɗi a shayi, amma ba sa maye gurbin asibiti. Yaro mai zazzaɓi ko gudawa a kai shi wurin ma'aikatan lafiya ba jinkiri. Mai ciki ta ci ganyen zogale a abinci, amma ta guji saiwarsa da ɓawonsa.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Jarka ɗaya, fangali ɗaya. A auna da ruwan Afrilu.
2. Shinge kafin shuka.
3. Ruɓaɓɓen taki kawai.
4. Masu daɗewa a dasa su da damina.
5. Babu maganin feshi mai guba a lambun miya.
6. Shanya a inuwa, a ajiye iri.

Binciken kayan lambu da kayan ƙamshi a Nijeriya yana hannun cibiyar NIHORT ta Ibadan, wadda aka kafa a 1975, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Amma kai ba sai ka je can ba. In kana da tambaya, ka tuntuɓi malamin gona na yankinka, ko sashen aikin gona na Ƙaramar Hukumar Boɗinga ko ta Shagari, ko ma'aikatan shirin bunƙasa aikin gona na Jihar Sakkwato. In shuka ce ta kamu da ciwo, ka tuge ɗaya har saiwa ka zo da ita, gani ya kori ji.

Ka fara da fangali ɗaya bana. In ya ga watan Yuni da ransa, ka ƙara na biyu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa abin da muka shuka albarka, amin.